Shanya ta gagara a Manchester: in karɓi tsohon injin busar da kaya ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, shekara ɗaya da rabi ke nan da na biyo maigidana Manchester inda yake aikin jinya. Muna haya a bene hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, babu tsakar gida babu baranda, ga yara uku, ƙaramin watansa takwas. Tun da sanyi ya shigo wanki ya zame mini ciwon kai. Ina shanya a kan hita da ƙofofi, kaya su kwana biyu ba su bushe ba, wani lokaci har su yi wari, yanzu kuma baƙar funfuna ta fara fitowa a kusurwar ɗakin yara. Na roƙi maigida mu sayi injin busar da kaya, ya ce abokan aikinsa sun gaya masa babu abin da ke shan wuta kamarsa, don haka almubazzaranci ne. Da na matsa sai ya ce wani abokinsa yana da tsoho mai bututu da zai sayar mana fam 40. Ina wanki kusan sau biyar a mako, kuma muna sa ran zama a nan aƙalla shekara uku. In karɓi tsohon ne, ko in haƙura, ko akwai wata hanya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaran, ya ƙara muku zaman lafiya. Shawarata ita ce kada ki karɓi tsohon, kada kuma ki haƙura. Ku tara kuɗi ku sayi irin injin da ke juya zafinsa, wanda za ki ga an rubuta masa heat pump a shaguna, sa'an nan ki koyi yadda za ki rage masa aiki tun kafin kaya su shiga cikinsa.

Zan fara da funfunar ɗakin yara, domin ita ce ta fitar da maganar daga sahun jin daɗi ta mayar da ita larura. Idan kika wanke kayan auduga masu nauyin kilo 8, ko bayan injin wanki ya matse su, akwai ruwa lita huɗu zuwa biyar da ya rage a jikinsu. A Zariya rana da iska ke kwashe wannan ruwa ba tare da kowa ya lura ba. A gidan da tagoginsa suke rufe ruf saboda sanyi kuwa, babu inda zai je sai bango da gilashin taga da bayan durowa, duk inda ya fi sanyi nan yake sauka. Wanki biyar a mako yana nufin kina zuba wa gidan ruwa wajen lita 20, ban da tururin girki da na wanka. Funfuna ba abin wasa ba ce ga jariri. A nan kusa da ku, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a watan Disambar 2020, binciken hukuma kuma ya tabbatar a 2022 cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidan hayarsu ce ta jawo ciwon numfashin da ya zama ajalinsa, har daga baya aka yi doka da sunansa. Saboda haka ki ɗauki hoton kusurwar, ku sanar da mamallakin gidan a rubuce, domin idan danshin daga ginin yake fitowa gyaransa na wuyansa ko kun sayi inji ko ba ku saya ba. In kuma kika ji jaririn yana tari ko numfashinsa yana ƙara, kada ki jinkirta kai shi wurin likita.

Maigidanki kuma yana da gaskiya, sai dai gaskiyar tasa ta tsaya ne a kan tsofaffin injuna, kuma abin mamaki irin wanda abokan aikinsa suka gargaɗe shi a kai shi ne ainihin wanda yake shirin sayo miki. Mai bututu yana zuƙar iskar ɗaki, ya dafa ta da wayar hita, ya hura ta cikin kaya, sa'an nan ya watsar da ita waje da zafinta da danshinta. Wato kin biya kuɗin wutar dafa iskar kin jefar, ga iskar ɗakin da kuka ɗumama da kuɗinku ita ma tana bin bututun, sanyin waje yana shigowa ya maye gurbinta. Ban da haka yana bukatar a huda bango, abin da da wuya a yardar muku a gidan haya, ko kuma a riƙa zura bututun ta taga a tsakiyar hunturu. Na biyunsu, wanda ake kira kwandensa, ba ya bukatar huji domin yana tara ruwan a tanki, amma shi ma da wayar hita yake aiki, shan wutarsa kuma kusan ɗaya ne da na mai bututu. Na ukun, wato mai juya zafin da na ba ki shawara, shi ne ya bambanta. A cikinsa akwai kwamfireso irin na firji: iskar da ta ɗebo danshi daga kaya takan bi ta wani sashe mai sanyi inda ruwan ke sauka, zafin da aka cire mata kuma a mayar mata da shi a ɗaya sashen ta sake zagayowa. Tun da ba a zubar da zafin, wutar da yake sha ba ta kai rabin ta sauran ba.

Ga lissafin da za ki ajiye wa maigida a gabansa. Kwandensa mai ɗaukar kilo 8 yakan sha wajen yunit 4.7 a cikakken lodi na kayan auduga, mai juya zafi mai girma ɗaya kuwa wajen yunit 1.9, mafi nagarta ma yakan sauko kusan yunit ɗaya da rabi. Farashin yunit a Birtaniya yana canjawa duk wata uku bisa iyakar da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da gas, ke sanyawa, a shekarar 2025 kuma ya yi ta yawo tsakanin pens 25 da 27. In muka ɗauki pens 26, lodi ɗaya zai ci fam 1.22 a tsohon salo, ya ci pens 49 a sabon. A ce kin yi lodi biyar a mako na tsawon mako 30, daga Oktoba zuwa Afrilu, lodi 150 ke nan: fam 183 a wancan, fam 74 a wannan. Bambancin ya haura fam 100 a hunturu ɗaya, ku kuma kuna da hunturu uku a gabanku. Sabon injin ya fi tsada a ranar saye, babu musu, amma ratar da ke tsakaninsa da sabon kwandensa takan dawo cikin shekara ɗaya zuwa biyu ga mai yawan wanki irinki. Ku duba takardar kuɗin wutarku ku sa farashin da kuke biya a gurbin nawa, domin lissafin da mutum ya yi da hannunsa ya fi shiga ransa.

Akwai dalili na biyu da ya sa na ƙi injin fam 40 ɗin, kuma ya fi na kuɗi nauyi. Araha ba ta ado. A shekarar 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar cewa miliyoyin injunan busar da kaya masu bututu da kwandensa da aka ƙera tsakanin Afrilun 2004 da Satumbar 2015, masu sunayen Hotpoint da Indesit da Creda da Swan da Proline, suna da lahanin da zai iya sa burbushin auduga ya taɓa wayar hita ya kama da wuta. Irin wannan inji ne ya tayar da gobara a wani bene mai hawa 18 a unguwar Shepherd's Bush da ke Landan a watan Agustan 2016, a Yulin 2019 kuma aka yi kiran a dawo da duk waɗanda ba a gyara ba. Har yanzu akwai ragowarsu a hannun jama'a, suna wucewa daga wannan gida zuwa wancan a farashin sadaka. Ban ce na abokin maigidanki yana cikinsu ba, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya yi tayin. Amma duk wanda zai karɓi tsohon inji wajibi ne ya karanta lambar samfurinsa da ke jikin ƙofa ko bayansa, ya bincika a shafin kamfanin ko yana cikin waɗanda aka janye. Idan kuɗi bai kai na sabo ba, gara ku nemi mai juya zafi na hannu daga shagon da ke ba da garanti na 'yan watanni.

A wurin saye, tambarin shan wuta da ke manne a jikin injin shi ne abin dubawa, ba yawan maɓallai ba. A tambarin da aka daɗe ana amfani da shi a Birtaniya, masu juya zafi suna tsakanin A+ da A+++, kwandensa yawanci B, masu bututu yawanci C, adadin yunit na shekara da aka rubuta kuma an gina shi ne a kan busarwa 160. Za ki ga kwandensa mai kilo 8 an rubuta masa wajen 560, mai A++ wajen 235, mai A+++ ƙasa da 180. Tarayyar Turai ta sauya nata tambarin a Yulin 2025 zuwa A har G, tana lissafi a kan busarwa 100, don haka in kin ci karo da tambura iri biyu kada haruffan su ruɗe ki, ki kwatanta adadin yunit tsakanin injuna masu tambari iri ɗaya. A ganina A++ mai kilo 8 ya wadatar da gida mai mutum biyar. Ki tabbata yana da na'urar da ke jin danshin kaya ta tsayar da shi da kanta, amma kada ki ƙara ko fam ɗaya don wai ana sarrafa shi da waya, domin wayar ba za ta zuba miki kaya ba kuma ba za ta kwashe ba. Injin da ya haɗa wanki da busarwa ban cika son sa ga mai yara uku ba: abin da yake busarwa bai kai abin da yake wankewa ba, yawancinsu suna shan wuta kamar kwandensa, kuma muddin yana busarwa ba ki da injin wanki.

Ya kamata ki san halinsa tun yanzu don kada ki yi zaton an cuce ki. Ba shi da sauri. Da yake zafinsa bai wuce digiri 50 ko kusa da haka ba, cikakken lodi na auduga yakan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku, wani lokaci fiye. Mutane da yawa sukan ga tsawon lokacin su ɗauka wuta yake sha, alhali abin da yake ja bai kai kilowat ɗaya ba, kwandensa kuwa yana jan biyu da rabi ko fiye. Kaya kuma ba sa fitowa da zafi rau, har ki ji kamar da sauran laima a hannu. Ki kaɗa su ki ba su minti biyu kafin ki yanke hukunci. Ba ya son wuri mai tsananin sanyi kamar gareji, amma wannan bai shafe ki ba tun da a cikin gida zai zauna. Abin da yake bukata soket ne na bango shi kaɗai, ba a jona shi da wayar ƙari, da wurin da iska ke zagayawa, kuma kada ya tare hanyar fita.

Yanzu ga inda rabin tanadin yake, kuma wannan a hannunki yake ba a hannun kamfani ba. Fitar da ruwa ta hanyar matsewa ya fi fitar da shi ta hanyar zafi araha nesa ba kusa ba. Injin wankin da ya juya sau 1,000 a minti yakan bar ruwan da ya kai kashi 60 cikin ɗari na nauyin kayan, wanda ya juya sau 1,400 kuwa wajen kashi 50. A lodin kilo 8 wannan ya kusa lita guda da injin busarwa ba zai wahala a kanta ba. Ki duba injin wankinku da kyau, domin tsarin wanki na gaggawa sau da yawa yakan matse a hankali. Tawul da zanen gado da wandon jins da kayan makarantar yara ki sa musu matsa mafi ƙarfi, in hali ya yi ki ƙara musu zagaye ɗaya na matsa kaɗai, wanda bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba kuma wutarsa kaɗan ce ƙwarai.

Bayan haka sai rarrabewa. Idan kika haɗa tawul mai kauri da rigunan jariri, ƙananan za su bushe tuni su ci gaba da juyawa suna jiran tawul, ko kuma na'urar ta ji busassun ta tsaya ta bar miki tawul a jiƙe. Ki haɗa masu kauri wuri ɗaya, marasa kauri wuri ɗaya, ki kaɗa kowace riga kafin ki jefa, domin wadda ta shiga a murɗe a murɗe za ta fito. Rigar bargo ki ɓalle maɓallanta, in ba haka ba za ta haɗiye safa da singileti ta dunƙule, ki buɗe ki tarar da wajen ya bushe ciki sharkaf. Kada ki danƙare gangar injin da kaya, kada kuma ki kunna don riga biyu. Ki bar sarari kamar kashi ɗaya bisa uku a sama don kaya su sami wurin faɗowa. Kayan da za ki goge ki zaɓar musu matakin da ke barin ɗan danshi don guga, za ki rage lokacin busarwa ki kuma rage wahalar dutsen guga. Matakin busarwa ƙarau kuwa ki bar shi ga tawul kaɗai in ma kin ga dole.

Kayanmu na gida suna bukatar lura ta musamman. Shadda ba ta shiga wannan inji in kina son ƙyallinta ya daɗe, haka leshi da abaya mai duwatsu da kaftanin maigida mai aikin zare da hularsa. Waɗannan dama ba su riƙe ruwa da yawa, ki rataye su a hanga a banɗaki ki kunna fankar da ke zuƙe iska, haka hijabai da mayafai. Atamfa ta yau da kullum za ta jure ƙaramin zafi, ko da yake takan ɗan tsuke a karon farko. Ga kayan kanti kuwa ki duba alamar murabba'i mai da'ira a ciki: ɗigo ɗaya ƙaramin zafi, ɗigo biyu zafi na al'ada, in an soke ta da giciye kada ki sa.

Tsaftar filta ita ce abin da aka fi sakaci da shi. Bayan kowace busarwa ki zaro ta daga bakin ƙofa, ki jiƙa yatsa ki murza, burbushin zai naɗe kamar auduga ki jefa a kwandon shara, ba a magudanar ruwa ba. Lokaci-lokaci ki tara ta a ƙarƙashin famfo: in ruwa ya taru a kanta bai wuce ba, to maiƙon sinadarin tausasa kaya ya toshe ramukan ko da ido bai gani ba, sai ki wanke da ruwan ɗumi da burushi mai laushi ki bari ta bushe. Irin wannan inji yana da filta ta biyu a ƙasa, bayan wata 'yar ƙofa, wadda take kare sashen sanyaya iska. Takardar injin za ta gaya miki sau nawa ake share ta, kuma yawancin masu kukan injinsu ya daina busarwa ba su taɓa buɗe ta ba. Tankin ruwa a zubar duk lodi, ko a jona masa siririn tiyo zuwa magudana in yana kusa da injin wanki. In kina da lodi biyu ki yi su a jere tun injin bai huce ba.

Za a ba ki shawarar ki riƙa kunnawa da tsakar dare saboda tsarin biyan kuɗin wuta na Economy 7 mai rangwamen awa bakwai da dare. Ni ban yarda ba. Hukumomin kashe gobara a ƙasar suna gargaɗin kada a bar injin busarwa yana aiki ana barci ko ba kowa a gida, kuma ga injin da bai sha yunit biyu ba, 'yan pens ɗin da za ki rage ba su kai kasadar ba, balle a hawa na biyu da yara uku. Tsummokin kicin da suka sha man gyaɗa ko manja kada su shiga sai an wanke su da ruwan zafi sosai, domin ragowar mai a yadi mai zafi yana iya kamawa da kansa, kuma saboda wannan dalili ne ba a katse injin kafin ya gama zagayen hucewa na ƙarshe.

In kuɗin ya gagara a bana, akwai matsakaiciyar hanya da ta fi tsohon injin da shanya a kan hita. Na'urar tsotse danshi tana jan wat 200 zuwa 300 ne kawai. Ki jera kaya a kan ƙarfen shanya a ɗaki ɗaya da ba a kwana a ciki, ki rufe ƙofa da taga ki kunna ta na awa biyar ko shida, yawancin kayan za su bushe da ƙasa da yunit biyu, ruwan kuma ya taru a tankinta maimakon bango. Da zamanku bai wuce shekara ba, ita kaɗai zan ce ku saya.

Game da maigida, kada ki kai masa maganar a matsayin gardama da abokan aikinsa, domin abin da suka faɗa gaskiya ne a kan injunan da suka sani. Ki zaɓi ranar hutunsa, ki nuna masa kusurwar ɗakin yara, ki ba shi lissafin ya sake yi da kansa, abokin nasa kuma a yi masa godiya a ce babu halin huda bango a gidan haya, wanda dama haka ne. In kuna da mita mai ɗan allo a kicin, ku karanta shi kafin busarwar farko da bayanta, ya ga adadin da idonsa. Kafin ku yi oda ku auna wurin, domin yawancin injunan faɗinsu santimita 60 ne, tsayinsu 85, zurfinsu 60 zuwa 65, ku kuma tambayi shagon ko masu kawowa za su hau da shi bene. Idan ya iso a bar shi a tsaye na 'yan awoyi kafin a kunna, kamar yadda takardarsa ta tanada saboda kwamfireson, a yi masa rajista da kamfanin don a same ku in an gano wani lahani, rasit kuma a adana shi, tun da dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ku kwana 30 ku mayar da shi ku karɓi kuɗinku in ya zo da matsala.